Kadan soso da kadan kwamfuta

Ƙaninmu na Jega ya jefo tambaya daren jiya: zai yi gajeren fim kan kadan da ya addabi wani ƙauyen masunta, kuɗin hannunsa kuma abu ɗaya za su iya, ko laftof ya zana kadan a kwamfuta, ko ya sa a ƙera masa mai motsi.

Ƙanina, ka ƙera. Maganar laftof ka jingine ta sai baɗi.

Namu kadan a bayan shagon wani mai walda muka haɗa shi a Birnin Kebbi, shekara uku ke nan. Kai da wuya da ɗan gadon baya kawai muka yi, sai jela daban. Ƙafafu ba mu ɓata kuɗi a kansu ba, don wa ya taɓa ganin ƙafar kada yana cikin ruwa? Mai walda ya lanƙwasa siririn rodi ya fitar da ƙashin kan, ya maƙala muƙamuƙin ƙasa da irin ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai. Muka lulluɓe shi da soson katifa, muka bi da gam ɗin masu gyaran takalmi. Fatar kuwa tsohon tub ne na tayar mota: wani baduku ya zauna kwana huɗu yana yanka shi ƙwaya-ƙwaya yana jerawa, yana yi yana mana dariya wai bai taɓa ɗinka wa kada riga ba. Haƙora ice ne aka fere aka shafa wa farin fenti, sannan muka ɗan dusashe su da ruwan goro, don haƙori fari tas shi ke fara tona asiri. Idanu murfin fitilar sigina ce ta babur, mai ruwan ɗorawa, da ɗan layin baƙin fenti a tsakiya. Bakin da wayar birkin keke ake buɗe shi. Jelar kuma injin waifar mota ke kaɗa ta, da batirin babur. Abin da Turawa ke kira animatironik ke nan, mutum-mutumin da inji ko waya ke motsawa. Nasu dai da matsin mai da rimot, namu da ƙarfin damtsen yara biyu.

Ranar shutin muka sauka wata fadama kusa da Argungu bayan sallar asuba. Tun jiya mun je mun gaida Sarkin Ruwan wurin, ya nuna mana inda ba zurfi kuma babu kada na gaskiya. Kada ka tsallake wannan, ko da fim ɗin naka zai fasa. Muka ɗaure jarkoki biyu a ƙasan kadan, yara suka shiga ruwa iya ƙirji suna jan sa da igiya. Ana cikin haka sai ga wani dattijo cikin kwalekwale ya dawo daga duba komarsa. Ya tsaya cak, ya ɗaga sandar tuƙi sama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sauke ta a hankali ya ce, "Wanga kada ba shi da lahiya. Mi as sa shi ɗaga kai haka?"

Ashe mun yi kuskure tun daga tushe. Dattijon ya ce kada ba ya yawo da kai a sama kamar agwagwa; ido da hanci kawai yake bari a waje, ruwa na rabewa biyu a bayansa, shiru, ba fantsama. Muka rage iskar jarkokin da ɗan ruwa har kan ya nutse. Da muka sake jan sa na leƙa cikin kyamara, wallahi ni da na san soso ne sai da tsikar jikina ta tashi. Yaron da ke fitowa a matsayin ɗan masunci kuwa bai buƙaci darakta ba. Da bakin nan ya buɗe a gefen kwalekwalen, ihun da ya yi ba na wasa ba ne, kuma shi muka bari a fim ɗin.

Abin da na fahimta a ranar shi ne, abin da ke gaban kyamara da gaske rana ce ke haska shi, ruwa ke jiƙa shi, inuwarsa na faɗuwa inda ya kamata, ɗan wasa kuma yana da wurin ajiye idonsa. Duk wannan kyauta ne. A kwamfuta kowanne sai ka zauna ka ƙirƙira, kuma idon mai kallo ba ya yafe abin da ba shi da nauyi. Ka tuna macizan da ake liƙawa a finafinan aljanu, masu yawo a kan ƙasa kamar ba sa taɓa ta.

Wahala akwai ta. Kafin ƙarfe tara soson ya sha ruwa ya yi nauyin buhun shinkafa, muƙamuƙin ya ƙi rufuwa. Muka jawo shi tudu muna matsewa kamar wanki. Daga baya na ji ba mu kaɗai ba ne: a fim ɗin Jurassic Park na 1993, ƙaton dodon da Stan Winston, gwanin ƙera dodannin fim, ya ƙera, mai tsawon kusan ƙafa 40, fatarsa ta riƙa shan ruwan saman da ake zuba masa har ya kama karkarwa, ma'aikata na bin sa da tawul tsakanin ɗauka da ɗauka. Kuma fim ɗin da ake cewa shi ya buɗe zamanin zanen kwamfuta, dodannin da kwamfuta ta zana a cikinsa ba su wuce minti 6 ba. Sauran ƙarfe ne da roba, wani wurin ma mutum ne cikin riga. Kai dai ka rufe soson ka da fenti mai mai ciki da waje, ka huda ƙasansa ruwa ya riƙa tsiyayewa, kuma wutar da za ta kusanci ruwa kada ta wuce ta batiri. Janareto ya tsaya can nesa.

To, laftof. Na saya kafin kadan, kuma har yau in na tuna raina sai ya ɓaci. Ko da injin mai kyau ne, ga lissafin da ba wanda ya yi mini: daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Daƙiƙa goma, hoto 240. In kowane hoto ya ɗauki minti biyar yana renda, wato kwamfuta na lissafa shi ta fitar da shi cikakke, awa 20 ke nan injin na huci, ba a ɗauke wuta ba, zafin Kebbi na watan Afrilu bai kashe shi ba. Wannan bayan ka zana kadan, ka sa masa ƙasusuwan da zai motsa da su, ka yi masa fata, ka daidaita haskensa da na wurin da ka ɗauka. Ruwa kuwa yana cikin abubuwan da suka fi wuyar kwaikwayo a kwamfuta, kai kuma duk fim ɗinka ruwa ne. Wata biyu na yi, abin da na samu ƙadangare ne mai shawagi.

Ba zan ce kwamfuta ba ta da rana ba. Igiyar da yara ke ja da ita kwamfuta ce ta goge mana, da wata falwayar wuta da ta leƙo ta bayan ƙauyen. Manhajar Blender ta zane mai motsi kyauta ce, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci lambar yabo ta Oska a 2025. Amma irin guge-gugen nan kwamfutar editanka ta ishe su.

Sirrin da ya fi duka: kada ka nuna kadan da yawa. Lokacin da darakta Steven Spielberg ke ɗaukar Jaws, fim kan ƙaton kifi mai cin mutane, a 1974, kifin injin nasa ruwan gishiri ya riƙa lalata shi, aikin da aka tsara wa kwana 55 ya kai 159. Dole ta sa ya koma nuna durom-durom masu ruwan ɗorawa suna gudu a kan teku, da kiɗa, da fuskokin mutane, kuma tsoron ya fi yawa a haka. Namu kadan duk fim ɗin bai cika minti ɗaya a fili ba. Sauran ciyawa ce ke motsi, da takalmi ɗaya yana yawo a kan ruwa, da akuya da ta ƙi matsawa bakin gulbi. Jini kuwa kada ka yi da zoɓo, a kyamara shuɗi-shuɗi yake fita. Narka sukari ka sa jar kalar abinci da ɗan garin koko. Sai dai ka shirya wa ƙudaje.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa. Laftof ɗin nan a Facebook na ga tallarta, an ce tana da katin hoto na kamfanin Nvidia, wato na'urar da ke ɗaukar nauyin aikin zane, har da sitika kore a jiki. Sitikar kawai ke akwai. Ranar da za ka sayi taka, kunna ta a gaban mai ita, ka shiga inda take lissafa kayan cikinta ka karanta sunan katin da idonka, ka zare caja ka ga minti nawa za ta yi, kuma ka je da ɗan aikinka a filash ka sa ta renda kafin ka ƙirga ko sisi. Wanda ya ce sauri yake, bar masa kayarsa. Akwai kuma masu turo maka bidiyon aikin wasu su ce nasu ne, su karɓi rabin kuɗi su kashe waya. Ka ce ya buɗe maka aikin a kwamfutarsa ya juya kadan ka ga cikinsa. Har masu sayar da Blender da kuɗi na gani. Mai katifa ma ka sa masa ido, tsohon soso da ya fara ruɓewa gam ba ya kama shi.

Kadan namu yana nan a zauren gidanmu an kife shi a kan tsofaffin buhuna. Awaki sun ɗan taɓa jelar, wayar bakin ma ta yi tsatsa, sai an sake. In kana so ka taho da a-kori-kura ranar Asabar bayan la'asar ka ɗauka aro, mu biya wajen badukun ya duba fatar. Batiri dai ka zo da naka.