Ƙugin lasifika da ɗan akwatin HD400

Duk mai haɗa sauti a istiraha, wato zauren biki na haya, ranar walima ya san ƙugin nan, zuuu, da ke tashi a lasifika da zarar an jona laftof da mikisa, na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa lasifika. In ana ta surutu ba a jin sa, amma da an yi tsit don mai karatu ya fara, sai ya cika zauren. Sana'ata ke nan a Makka, ina kai kayan sauti wajen ɗaurin aure da saukar karatu, yawanci na mutanenmu na Shara Mansur, kuma saboda ƙugin nan na sayo ɗan akwatin Behringer HD400 a Jidda.

Kafin ka kashe ko riyal ɗaya, zare cajar laftof ɗin ka bar shi a kan batir. In ƙugin ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Caja tana soket ɗaya, mikisa tana wani, kowacce da tata wayar kariya mai kai wuta cikin ƙasa, ga kuma wayar sauti ta haɗa su, sai wuta ta sami hanyar zagayawa ta biyo cikin sautin. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, wato tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50, shi ya sa mai kunne zai ji ƙugin nan ya ɗan fi na gida siririn murya.

Wannan zagayen ɗan akwatin ke yankewa. Bai fi tafin hannu ba, ba batir, ba a jona shi da wuta, ba ma maɓalli ko ɗaya a jikinsa. Layi biyu ne, hagu da dama, kowanne da 'yar taransifoma a ciki, sautin ya tsallaka amma wayar laftof ba ta taɓa ta mikisa ba. Daren da na fara sa shi, caja na jone, na ɗaga sautin sama na kara kunne a jikin lasifika, shiru kake ji. Uban ango, wanda na taɓa yi wa aiki a auren 'yarsa, ya zo wucewa ya ce, "Malam, yau ina ka kai ƙudan zuman naka?" Na ce, "Alhaji, na ɗaure su a akwatin nan." Ya ɗauka ya jujjuya, ya ga ko fitila babu, ya ajiye yana girgiza kai.

Akwai masu karya ƙafa ta uku ta fulogin caja, su ce magani a gonar yaro. Ƙugin kan tafi, gaskiya ne, amma ƙafar nan ita ce kariyar mutum in wuta ta zubo a jikin na'ura, ga malami riƙe da makirufon ƙarfe dab da leɓe. Ni ba da ni ba.

Sai dai akwatin ba ya gyara wayar da ba daidai ba, kuma a nan na ga yara masu koyon sana'ar suna shan wahala. Ramin laftof mai milimita 3.5 yana fitar da hagu da dama tare. In ka ɗauko waya mai babban jak guda mai zobe biyu ka cusa a layi ɗaya na mikisa, mikisar za ta ɗebe wannan daga wancan, duk abin da ke tsakiya ya ɓace. Muryar mai ƙasida kuwa a tsakiya take. Sai ka ji amshi da amsa-kuwwa kawai, muryar ta yi nisa, a hau zargin lasifika. Wayar da ta rabu biyu ake so, kowane reshe da jak mai zobe ɗaya, su shiga akwatin, daga nan su wuce ramin da aka rubuta LINE. Kada a kai su ramin makirufo mai ƙafa uku: sautin zai fashe, kuma in an kunna wutar 48V ta makirufo tana iya lalata laftof ɗin da aka jona kai tsaye.

Ni nakan bar sautin laftof kusa da ƙarshe, na sauke maɓallin GAIN na mikisa ƙasa, sannan na riƙa ɗagawa har fitilun su tsaya a kore, ja ba ta kamawa. In ka yi akasin haka, sautin laftof ƙasa, mikisa sama, shuuu ɗin da za ka ji ba na caja ba ne, akwatin nan bai san da shi ba. Haka karatun da aka yi ta turawa ta WhatsApp har ya dushe, ba na'urar da za ta dawo da shi. A kashe ƙarar saƙonni ma tukuna, kada ta buga ana tsakiyar addu'a.

Ramukan akwatin guda huɗu duk na babban jak ne, ba na XLR mai ƙafa uku irin na makirufo ba, don haka ka tanadi wayoyinka tun a shago. Kuɗinsu na iya kusantar na akwatin. Wanda taronsa gajere ne, zare caja ya ishe shi. Walimarmu kuwa daga bayan Isha'i take farawa, kuma batirin laftof ɗina ba ya kaiwa lokacin da ake fito da shinkafa.