Gargaɗi ga masu kamfani: damfarar "ma'ajinka ya cika" da masu sayar da ajiya marar iyaka

Jama'a, a kula. Saƙon yana zuwa ne ta imel, da tambarin Google ko Microsoft, yana cewa wurin ajiyar kamfaninku ya cika, za a goge fayilolinku nan da awa 24 idan ba ku danna wani mahaɗi ba. Shafin da zai buɗe na bogi ne, kalmar sirri kawai yake jira. Da zarar ɓarawon ya shiga, ba ya taɓa fayil ko ɗaya. Yana saita akwatin imel ɗinku ne ya riƙa tura masa kwafin duk saƙon da ya shafi biyan kuɗi, ya jira har takardar neman kuɗi ta gilma, ya canza lambar asusun banki, abokin cinikinku ya biya shi.

Ma'aji yana cika da gaske, amma ana duba shi daga cikin asusun, ba daga saƙo ba. Asusun Google na kyauta GB 15 ne, Gmail da Drive da Photos duk daga ciki suke ci. A Workspace, wato asusun Google na kamfanoni da ake biya, tsarin Business Starter GB 30 ne ga kowane ma'aikaci, Business Standard kuma TB 2, ana haɗa su wuri guda don kamfanin. Abin da ke kwandon shara yana nan cikin lissafi har sai an zubar ko ya cika kwana 30, shi ya sa mutum zai yi ta gogewa bai ga sauƙi ba.

Waɗanda suka fi ɓarna su ne masu tallar "Drive marar iyaka har abada, biya sau ɗaya". Abin da suke ba ku asusu ne da aka buɗe ƙarƙashin sunan wata makaranta ko wani kamfani da ba ku sani ba. Mai kula da wancan tsarin shi ke da iko, yana iya buɗe takardunku, ya canza kalmar sirri, ko ya rufe asusun ranar da ya ga dama, kuma ba ku da wanda za ku kai wa ƙara. Google ma ta daina bai wa makarantu ajiya marar iyaka tun 2022.

Akwai kuma manhajojin da ke alƙawarin ɗaga iyakar girman fayil. Gmail a yawancin asusu MB 25 yake aikawa, abin da ya wuce haka sai ya koma mahaɗin Drive. A Exchange Online, wato imel ɗin kamfanoni na Microsoft, mai kula da asusun kamfani ne kaɗai zai iya ɗagawa, har MB 150. Fayil kuma yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku idan aka liƙa shi a imel, don haka wanda bai kai iyakar ba ma yana iya dawowa. Babu manhajar waje da ke canza wannan. Wadda ta yi wannan alƙawari, izinin karanta saƙonninku take nema.

Wanda ya riga ya danna mahaɗin saƙon bogin, ya canza kalmar sirri nan take, ya fitar da asusun daga duk na'urori, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri. Ya duba saitin tura saƙo da na tace saƙo (filters) ya goge wanda ba shi ya sa ba, ya cire manhajojin waje da aka bai wa izini, domin canza kalmar sirri ba lallai ya kore su ba. Sannan a kira abokan ciniki ta waya a tabbatar musu lambar banki ba ta canza ba.