Mad Men: abin da na gani a ofishinsu da abin da na tarar a gidana

Wata uku cur na ɗauka kafin na ƙarasa Mad Men, kashi ɗaya ko biyu a kowane dare bayan isha'i, in yara sun kwanta kuma kwamfutata na da caji. Wani abokin aikina ne ya matsa mini. Shekarata goma sha ɗaya ina rubuta tallar rediyo da ta allunan bakin titi a wani ƙaramin kamfani a nan Kaduna, shi ya sa ya ce mini, "Oga, wallahi kamar a kanmu aka yi shirin nan." Na ce ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mai tallar taki da sabulu da Turawan New York na shekaru sittin baya? Kafin na gama zangon farko na daina faɗin haka. Wanda bai kalla ba ya sani zan taɓo wasu wurare na labarin, har da ƙarshensa.

Tashar AMC ta Amurka ce ta nuna shi daga 2007 zuwa 2015, zango bakwai, kashi 92, kuma Matthew Weiner ne ya ƙirƙiro shi. Ya lashe kyautar Emmy ta shirin dirama da ya fi kowanne sau huɗu a jere, daga 2008 zuwa 2011. Labarin ya tashi daga 1960 ya tsaya a 1970, a kamfanin talla na Sterling Cooper da ke titin Madison. Jon Hamm ne ya fito a matsayin Don Draper, shugaban masu ƙirƙirar talla, mutumin da in ya buɗe baki a gaban masu kaya sai ɗaki ya yi tsit.

Siyasar ofishinsu ce ta fara kama ni, domin ba a yi mata ado ba. Pete Campbell, matashi ɗan manyan mutane mai gaggawar hawa sama, ya gano cewa Don ba sunansa ke nan ba. Sunansa Dick Whitman, ya ɗauki sunan wani hafsa ne da ya mutu a gabansa a yaƙin Koriya. Pete ya nemi ya ci muƙami da wannan sirri, da abin ya ƙi sai ya kai ƙara wurin tsoho Bert Cooper, ɗaya daga masu kamfanin. Tsohon ya saurara, ya nuna ko a jikinsa, Pete ya fita da kunya. Na ɗauka magana ta mutu. Sai bayan kusan shekara uku, ranar da ake son Don ya sa hannu a kwantiragin da yake ta gudu, tsohon ya zaro sirrin nan daga aljihu cikin ruwan sanyi, Don ya sa hannu. Duk wanda ya daɗe a ofis ya san irin wannan dattijon. Mai kai gulma bai ci komai ba, wanda aka kai wa ne ya ajiye ta har ranar da za ta yi masa rana.

Amma Peggy Olson ce ta hana ni barci. Ta shigo a sakatariyar Don, wata magana da ta yi a kan jan-baki ta sa aka gane tana da basira, ta zama mai rubuta talla a tsakanin maza zalla. A zango na huɗu, daren damben Muhammad Ali da Sonny Liston na 1965, wanda ya zo daidai da ranar haihuwarta, Don ya tsare ta a ofis. Nan ta amayar da abin da ke cikinta: tallar da ta kawo tushenta ta ci kyauta, shi ya karɓa, ko godiya bai taɓa yi mata ba. Ya daka mata tsawa cewa ai albashin da ake ba ta shi ne godiyar.

Na tsayar da shirin a nan. Akwai wata yarinya a ofishinmu, ba ta daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Bara ta kawo wata jimla guda a kan tallar wani man girki, na ɗan gyara, mai kaya ya ji ya tashi tsaye yana cewa, "Malam, kai daban ne." Na yi murmushi na karɓa. Bayan ya fita ta ce mini a hankali, idonta a ƙasa, "Yallaɓai, ashe ta yi kyau." Na ce ta yi, na ci gaba da danna waya. Sai a daren nan na fahimci abin da take nufi. Washegari da safe na faɗa a gaban maigidanmu cewa jimlar tata ce. Abin ya zo a makare da wata takwas, kuma har yanzu yana damuna.

Gida kuwa nan ne shirin ya fi ciwo. A kashi na uku na zangon farko ana bikin ranar haihuwar Sally, 'yar Don, matarsa Betty ta aike shi ya karɓo kek. Ya fita, sai ya je ya ajiye mota kusa da layin dogo ya zauna shi kaɗai har dare, baƙi suka watse. Da ya dawo sai ga shi da kare, kyauta ga yarinyar. Ita ta yi murna, Betty ta tsaya tana kallonsa. A ƙarshen zangon kuma, wannan mutumin ne ya tsaya gaban wakilan kamfanin kayan ɗaukar hoto na Kodak yana haska hotunan iyalinsa a bango, ranar aurensa, shi da yaransa a kan kujera, yana magana a kan begen gida har wani abokin aikinsa ya fita da hawaye. Ya samu aikin. Ya koma gida ya tarar babu kowa, sun yi tafiyar da ya ce ba zai samu zuwa ba, ya zauna a kan matakala.

Lokacin zaɓen 2023 aiki ya yi mana yawa, muna kwana a wurin masu buga fosta. Ranar walimar 'yata ta fari a Islamiyya na yi alkawarin zuwa kafin la'asar. Ban bar ofis ba sai bayan magariba, cunkoson Kawo ya ƙara riƙe ni. Na tsaya na sayi tsire da wata doguwar riga. Na tarar an tattara tabarmi, tana zaune a bakin ƙofa da allonta. Ta ce, "Abba, an tashi." Uwarta ta karɓi ledar ba ta buɗe ba, ta ce, "Maigida, ba riga ta tambaya ba." A makon nan ɗin kuma ni na rubuta wata tallar rediyo inda uba ke dawowa da wuri don ya ci tuwo da iyalinsa. Da na ga Don ya shigo da karen nan, rigar nan na gani.

Gwanintar marubutan ita ce yadda suke ɗora nasarar ofis a kan rushewar gida. Kashin ƙarshe na zango na uku shi ne mafi daɗi a wurina: a Disambar 1963 sun ji kamfanin Birtaniya da ya saye su zai sake sayar da su, sai suka sa Lane Pryce, wakilin kamfanin Birtaniyan a ofishinsu, ya kore su da gangan, suka kwashe takardu a ƙarshen mako, suka buɗe sabon kamfani a ɗakin otal. Kana cikin jin daɗin dabarar, a kashin nan dai Betty ke hawa jirgi zuwa birnin Reno neman saki.

Matata ta zauna ta kalli wasu wuraren da ni. Da ta ga Betty ita kaɗai a ƙaton gidansu a garin Ossining, tana kai kukanta wurin likitan ƙwaƙwalwa, shi kuma da dare yana kwashe komai ya faɗa wa mijin ta waya, sai ta ce, "Wai matar nan ba ta da kowa ne?" Gaskiyarta. A Tudun Wada da tuni yaya ko gwaggo ta zo ta zaunar da su.

Aibinsa ba kaɗan ba ne, kuma dole in faɗa. Giya tun da hantsi, taba a kowane ɗaki, neman mata a fili. Ba shirin falo ba ne, kada a kunna shi yara na kusa. Ni kaina na tsallake wurare da dama. Yawon banzan Don ya gundure ni a zango na shida, abu ɗaya ake ta maimaitawa. Abin da aka sa Joan, mai kula da ofishin, ta yi don kamfani ya samu tallar motar Jaguar, a ba ta kashi 5 cikin ɗari, ya ɓata mini rai kwana biyu. Baƙar fata kuma kusan a lif da kicin kawai ake ganinsu, sai a zango na biyar aka ɗauki Dawn sakatariya, alhali shekarun Martin Luther King ne. Tafiyarsa a hankali take, Turancin ma na buƙatar a kunna rubutun ƙasa. Mai neman faɗa da gudun mota ya nemi wani.

Wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa a wurin aiki, kuma yake da masu jiransa a gida, shi nake so ya kalla. Mutane sun fi maganar yadda aka rufe da tallar Coca-Cola ta 1971, Don zaune a bakin teku a Kalifoniya yana murmushi. Ni abin da ya zauna mini shi ne ɗan hoton da ya zo kafin nan. Betty na fama da kansar huhu, tsohuwar matar mutumin da ya yi shekaru yana tallar tabar Lucky Strike, tana zaune a kicin da taba a hannu, Sally kuma ta juya baya tana wanke kwanuka.