Adon Halloween da ɓarayin dare a nan Amurka

Yaya salam, ya gida ya su Umma. Ƙwarangwal ɗin nan da ka gani a hoto ado ne na Halloween, bikinsu na ran 31 ga Oktoba, mu dai ba ma yi, amma tun ƙarshen Satumba ƙofofin gidaje ke cika da kabewa da fitilu da dodannin leda da ɗan fanka ke hura wa iska. Ƙaton nan ƙafa 12 ne tsayinsa, Home Depot, wani babban kantin kayan gini da na gida, suka fito da shi a 2020 kan dala 299, kuma haka yake kwana a waje, ga gidajen nan yawanci ba katanga ta gaba balle get, kana tafe a hanya sai ka miƙa hannu ka taɓa kayan mutum.

To ana sacewa kuwa, wani lokaci samari ne da dare, wani lokaci mutum ya zo da mota ya loda ya wuce. Abin da ke ban tausayi, yara ne suka fi shan baƙin cikin, da su aka sha wahalar kafawa.

A can gida da tuni an yi wa maigadi magana, ko mai walda ya zo ya ƙera keji irin na janareta kafin la'asar. Nan kaya ne da araha, aikin mutum kuma tsada, kuɗin kiran mai walda sai ya kusa kamo kuɗin adon, shi ya sa kowa ke komawa na'ura. Kyamarar Ring a jikin ƙofa, fitila mai kunna kanta in ta ga motsi, wasu har AirTag, wata 'yar na'ura mai nuna inda kaya yake, suke cusawa cikin ƙwarangwal ɗin don su bi sawunsa a waya. Ni dai a ganina kyamara ba ta hana komai, ɓarawon ya ja hula ya rufe fuska, kai kuma ka tashi da bidiyo ka saka a Nextdoor, dandalin 'yan unguwa na intanet, maƙwabta su yi ta jaje. 'Yan sanda za su karɓi rahoto, sau da yawa ma ta intanet, shi ke nan. Inshorar gida kuma akwai kuɗin da kai za ka fara ɗauka kafin su biya ko sisi, dala 500 ko 1,000 ga mutane da yawa, ka ga ba ta kai ga adon dala 299 ba.

Wlh abin da ya fi aiki shi ne mai arhar, a buga rodi cikin ƙasa sosai, a zagaya wayar ƙarfe irin ta ɗaure keke a sa kwaɗo, ko a ɗaure a jikin bishiya, don ɓarawon nan sauri yake yi, da ya ja ya ji tauri sai ya bari. Na leda kuwa a kashe fanka su kwanta a naɗe a shigar gareji kafin a yi barci, maƙwabcina haka yake yi kullum duk da sanyin da aka fara.