Lambobin yabo na manhajar Chess.com: abin da na gani bayan wata takwas ina farautarsu daga Birnin Kebbi

Na tashi ina kallon dattawan unguwarmu suna buga dara a gindin dogon yaro bayan sallar la'asar, ramuka talatin a haƙe a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa goma sha biyu, wannan da tsakuwa, wancan da gutsattsarin kara. Ban taɓa ganin an miƙa wa wanda ya ci wata lamba ba. Ladarsa ita ce shewar 'yan kallo da kuma shirun wanda aka cinye. Saboda haka, a ranar da ɗan ƙanwata ya sa mini manhajar Chess.com a waya, ya kuma nuna mini wani shafi cike da tambura masu duhu waɗanda ya ce sai na yi aiki kafin su buɗe, dariya na yi, na ce masa wannan kayan yara ne. Yau wata takwas ke nan, kuma dole in amsa cewa kayan yaran nan sun hana ni barci fiye da sau ɗaya. Wannan rubutu hukuncina ne a kan wannan sashe na manhajar, wato sashen lambobin yabo, tare da abin da ke kewaye da shi gwargwadon yadda ya shafe shi.

Ga wanda bai san wasan ba, chess shi ne abin da Larabawa suke kira shaɗaranji, asalinsa daga Indiya, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Musulmi kafin ya isa Turai. Allonsa gida 64 ne, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, kuma wasa yana ƙarewa ne idan aka ritsa sarki ba shi da mafita. A majalisarmu ta unguwar Badariya mun raɗa wa 'ya'yan sunayen da bakinmu ya saba da su: sarki, sarauniya, doki, giwa, hasumiya, sai ƙananan nan takwas na sahun gaba da muke ce wa dogarai. Ita kuwa Chess.com kamfani ne na Amurka wanda a ƙarshen 2022 ya sanar da cewa masu rajista da shi sun haura miliyan 100, kuma a wannan shekarar ce ya sayi kamfanin Play Magnus na Magnus Carlsen, ɗan ƙasar Norwe da ya riƙe kambun duniya daga 2013 zuwa 2023. Amfanin wannan yawan jama'a ga mai wasa a Kebbi a bayyane yake, domin ko da ƙarfe biyun dare ka nemi abokin karawa, ba za ka ƙirga goma ba an haɗa ka da wani mai ƙarfi daidai da naka.

Lambobin yabon iri-iri ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai waɗanda yawan zama kawai ke buɗe su, irin su buga wasanni kaza ko warware kacici-kacici kaza, wato matsalolin allo da ake neman motsin da ya fi dacewa a cikinsu, kuma waɗannan ba su da wani abin faɗi, domin duk wanda ya daɗe a kasuwa zai ga ranar cinta. Akwai waɗanda ake samu idan mutum ya buga wani sanannen mabuɗin wasa, wato jerin motsin farko da ake buɗe wasa da su, sai a ajiye masa hoton littafi mai ɗauke da sunan mabuɗin. Akwai fasfo, inda ake liƙa maka tutar ƙasar duk wanda ka kara da shi. Sannan akwai waɗanda suka fi jan hankalina, wato na kashe sarkin abokin hamayya da wani ɗa na musamman: da sarauniya, da hasumiya, da giwa, da doki, da dogari, har ma da sarki kansa.

A wurin sabon shiga, waɗannan na ƙarshe malamai ne na gaske, kuma a nan ne na fi yaba wa waɗanda suka tsara su. Da na ga an rubuta cewa ana iya kashe sarki da sarki, sai na ce ƙarya ne, tunda doka ta hana sarakuna biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Sai da na kwana biyu ina juya abin a raina kafin na gane cewa idan sarkinka yana tsaye tsakanin hasumiyarka da sarkin abokin hamayya, to da zarar ya matsa gefe ya buɗe wa hasumiya hanya, motsin nasa ne ya yi kisan, ko da yake ba hannunsa ne ya riƙe wuƙar ba. Daga wannan rana na fara lura da irin wannan hari na ɓoye a kowane wasa, na daina faɗawa cikinsa, na kuma fara ɗana wa wasu. Babu darasin da na saurara da ya cusa mini wannan fahimta kamar yadda tambari guda mai duhu ya yi. Haka ma littattafan mabuɗan wasa: kwaɗayin cika kantar ne ya sa na bar buɗe wasa ta hanya ɗaya kullum kamar wanda aka yi wa wasiyya, na gwada mabuɗin Italiya, da kariyar Faransa, da ta Sisiliya, na gane cewa wasu daga cikinsu sun dace da halina na mai son zaman lafiya, wasu kuwa sai mai zafin kai.

Amma ƙugiyar da ta jawo kifi bakin ruwa ita ce kuma take yaga masa baki. Bari in ba da labarin wasa guda, domin ya fi dogon bayani.

Wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke korar kowa zuwa tsakar gida, ina kan tabarma ina buga wasan minti goma da wani mai tutar Indiya, ɗan ƙanwar tawa yana leƙe ta kafaɗata. Na share masa allo tas, bai rage da komai ba sai sarki tilo a kusurwa, a gidan h8 (kowane gida a allo ana kiransa ne da harafi da lamba). Ni kuwa ina da sarki a f6, dogari a g6, sarauniya a d3. Duk wanda ya san wasan ya ga abin da ya rage: a kai sarauniya d8, shi ke nan, an gama. Yaron ya taɓa ni ya ce, “Kawu, mi kaka jira? Ga sarki nan, kashe shi mana!” Na ce masa ya yi haƙuri ya ga aikin manya, domin lambar kisa da dogari ce ta rage mini, kuma na riga na hango ta: in matsa sarkina zuwa f7 ya tsare g8, sannan in tura dogari g7, hanyar sarauniya ta buɗe ta tsare h7, dogari ya yi kisa. Lissafin daidai yake, sai dai na manta cewa tsakanin motsina na farko da na biyu akwai nasa. Ina ajiye sarki a f7, sai manhajar ta sanar da cewa an tashi kunnen doki. Sarkinsa ba ya ƙarƙashin hari, kuma duk gidajen da zai iya takawa na toshe su da hannuna, doka kuwa ta ce idan wanda juyi ya zo kansa ba shi da motsi na halal alhali ba a kai wa sarkinsa hari ba, to babu wanda ya ci. Dara ta ci gida. Yaron ya yi ta dariya har sai da aka tsawata masa daga cikin ɗaki.

Laifin wannan dare nawa ne, ba na kowa ba, amma ya nuna mini abin da tsarin lambobi yake yi wa zuciyar ɗan wasa. Chess wasa ne da ke neman ka zaɓi motsi mafi kyau a kan allo, lamba kuwa tana raɗa maka a kunne cewa ka zaɓi motsin da zai cika maka kanta. Sau da yawa buƙatun biyu suna tafiya tare, amma idan suka rabu, mai farautar lamba zai bi ta baya. Akwai kuma batun ladabi, wanda mu da muka tashi a gindin dara ba ma wasa da shi: jan wasa da gangan a kan mutumin da ka riga ka gama da shi, don kawai ka kashe shi ta hanyar da kake so, wulaƙanci ne ko da ba ka ganin fuskarsa. Shawarata ga wanda ya nace sai ya tara waɗannan lambobi ita ce ya bar su su zo da kansu, domin wanda ya buga wasanni da yawa zai tarar da yawancinsu sun buɗe ba tare da ya nema ba. Lambar dogarin da ta jawo mini abin kunya ta zo mini bayan makonni, a wani wasa da ban ma san dogarin zai yi kisa ba sai da na ji ƙarar sanarwa.

Fasfo kuwa abin nishaɗi ne, ba ya cutar da wasan kowa, kuma ya koya wa yaran gidanmu tutocin ƙasashe fiye da taswirar da ke bangon ajinsu. Tutar Indiya ce ta fi yawan fito mini, abin da ba mamaki a cikinsa ga ƙasar da ta haifi wasan, wadda kuma ɗanta Gukesh Dommaraju ya zama zakaran duniya a Disamban 2024 yana da shekara 18, bayan ya doke Ding Liren na Sin a Singafo. Sai dai a sani cewa kowa shi yake zaɓar wa kansa tuta, don haka mai tutar wani tsibiri mai nisa yana iya kasancewa a Jega yake zaune.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne gasar mako-mako, inda ake hawa matakai daga na katako da na dutse har zuwa na ƙoli. Makin wannan gasa yana taruwa ne da yawan wasannin da mutum ya ci, wanda ke nufin mai lokaci ya fi mai basira samun gaba, kuma hanya mafi sauƙi ta tara shi ita ce a yi ta buga gajerun wasanni ɗaya bayan ɗaya. Wasan minti ɗaya ko uku ba ya koya wa sabon shiga komai sai saurin yatsa, kuma a wurinmu yana da wata illar ta daban: idan sabis ɗin waya ya ɗauke na ɗan lokaci, agogonka bai san uzuri ba, yana ci gaba da tafiya. Duk wanda ke wasa da datar waya a unguwar da sabis ke zuwa yana komawa, gara ya tsaya a wasan minti goma ko goma sha biyar, ko kuma irin wanda ake ba mutum kwana guda ko fiye don motsi ɗaya, wanda ya dace da ma'aikaci da ɗan kasuwa. Datar da wasan kansa ke ci kaɗan ce ƙwarai. Bidiyon darussa ne ke shanye ta.

Ma'aunin gaskiya a manhajar ba lambobin ba ne, makin ƙarfi ne, wanda ke hawa idan ka ci, ya sauka idan aka ci ka, gwargwadon ƙarfin wanda ka kara da shi. A watan da na fi buɗe lambobi, wannan maki nawa ƙasa ya yi. Ya fara hawa ne sa'ad da na koma bitar wasannina da na'urar nazari, wadda ke nuna maka daidai inda ka yi kuskure da abin da ya kamata ka buga. A nan ne kuma iyakar asusun kyauta take bayyana, domin cikakkiyar bita da kacici-kacici an ƙayyade su a kowace rana, ga tallace-tallace, sai wanda ya biya kuɗin ɗaya daga matakai uku, Gold, Platinum ko Diamond, ake sakar wa mara. Kamfani ne, kuma babu laifi ya nemi riba, amma ya kamata mai karatu ya san cewa wasu lambobin da suka rataya a kan yawan kacici-kacici da darussa za su ɗauki mai asusun kyauta lokaci mai tsawo.

Wanda ya ga ba zai iya biya ba yana da manhajar chess ta Lichess, wadda wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ya kafa a 2010, ba talla, ba kuɗin rajista, kacici-kacici da nazarin na'urar Stockfish duk kyauta ba iyaka, da gudummawar masu amfani da ita take tafiya. Ba ta da kantar tambura irin ta Chess.com, kuma na lura cewa yaran da na fara nuna wa ita sun yi saurin gajiya, alhali waɗanda suka fara da mai lambobin sun zauna har wasan ya kama su. Wannan ne ya sa ba zan iya raina lambobin ba duk da abin da suka yi mini. Tunde Onakoya, wanda ya kafa ƙungiyar Chess in Slums Africa mai koya wa yaran unguwannin talakawa chess a Legas a 2018, ya kuma shafe awa 60 yana wasa a dandalin Times Square na birnin New York a Afrilun 2024, ya nuna cewa yaran ƙasar nan suna karɓar wasan hannu bibbiyu idan aka kai musu shi, kuma abu mafi wuya shi ne zaunar da yaro a gaban allo makonnin farko. Lambobin suna yin wannan aiki da kyau.

Yadda na tsara wa kaina yanzu shi ne, ina buga wasa a Chess.com saboda yawan abokan karawa da kyawun tsarinta a ƙaramar waya, ina yin kacici-kacici da bita a Lichess, shafin lambobi kuwa sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake leƙa shi in ga ko wani abu ya buɗe. Ga sabon shiga da yara, ina ba sashen lambobin huɗu cikin biyar. Ga wanda ya riga ya san dokoki yana neman ƙarfi, biyu sun ishe shi. Lambar kisa da sarki har yanzu tana nan da duhunta a shafina, ɗan ƙanwata kuwa ya buɗe tasa tun kafin damina ta sauka, kuma duk ranar da ya zo gaishe ni sai ya tambaye ni labarin gidan f7.