Awa Biyu a Gonar Inabin da Ake Binne Ƙaho

Abin da ya kai ni wannan gonar inabi ta yankin Alsas a Faransa shi ne tambarin Demeter, ƙungiyar da ke ba gonakin biyodinamik shaida, da ke jikin allon ƙofarta. Masu gonar suna zagayawa da baƙi na awa biyu, ni kuma na daɗe ina son ganin noman biyodinamik, wato noman da ba a sa takin zamani ana kuma bin kalandar wata da wasu haɗe-haɗe na musamman, da idona, ba a takarda ba.

Matar da ta zagaya da mu ba ta ɓata lokaci da dogon jawabi ba. Ta kafa shebur tsakanin layukan kuringar inabi ta ɗago ƙasa, ta ce mu sa hannu. Ƙasar baƙa ce, tana marmashewa a tafin hannu, da ƙamshi irin na bayan ruwan sama. Na ƙirga tana biyar a shebur ɗaya. Ba sa fesa maganin ciyawa, ba sa zuba takin zamani. Ciyawa da ganyen dangin wake suke bari tsakanin layuka, da hunturu kuma su saki tumaki su yi kiwo su bar musu taki. Wannan ɓangaren kaɗai ya biya ni kuɗina.

Sai ta fito da ƙahon saniya. Da kaka ake cika shi da kashin shanu a binne, a tono shi bayan hunturu, a ɗebi ɗan kaɗan a dama cikin ruwa awa guda cur, ana juyawa dama ana juyawa hagu, sannan a yayyafa wa gona. Suna kiransa haɗi mai lamba 500, kuma asalinsa daga laccocin da Rudolf Steiner, masanin falsafa ɗan Austriya, ya yi wa manoma a 1924. Na sunsuna abin da ke cikin ƙahon, ba wari ko kaɗan. Amma gaskiya ban gamsu cewa ƙahon ko kalandar wata da suke bi wajen rage rassan inabi da girbi ne suka gyara ƙasar ba. A ganina tumaki, ciyawa da manomin da ke shiga gonarsa kullum su suka yi aikin.

Inda raina ya ɗan sosu shi ne maganar tagulla. Noman oganik, wanda ya hana takin zamani da yawancin magungunan feshi, ya yarda a fesa ta, ita da farar wuta, don kashe fumfunar ganye, ita kuwa tagulla taruwa take yi a ƙasa, ba ta narkewa, har ta cutar da tanar da aka nuna mana. Shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a kowace hekta cikin shekara 7. Sai da na tambaya sau biyu kafin ta amsa cewa a shekarar da ruwa ya yi yawa suna fesawa akai-akai. Ya kamata wannan ya kasance cikin bayanin tun farko.

Da yake ba na shan giya, ruwan inabin da aka matse ba a tsima ba suka ba ni, mai ɗan tsami-tsami, baurinsa na kama harshe. Na sayi kwalba biyu. Mai niyyar zuwa ya sa takalmin da ba ya jin tsoron laka.