Ƙara Ƙarfin Sabar ko Gyara Aikin Shafi?

Mai shafin intanet a Gusau, ko makaranta ce ko ɗan kasuwa, yana da hanyoyi biyu idan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta fara jinkirin amsawa.

Hanya ta farko ita ce ya bar sabar haɗaka, wadda ɗaruruwan shafuka ke rabon ƙwaƙwalwarta, ya kama hayar tasa shi kaɗai. Wannan yana magance cunkoso, musamman ranar da ɗalibai suka yi tururuwar duba sakamako, sai dai kuɗin hayar da ake biya kowane wata ya fi yawa, kuma sau da yawa da dala ake biya.

Hanya ta biyu ita ce gyara aikin shafin, kuma ita na fi ba muhimmanci, domin galibi matsalar tana cikin rumbun bayanai ne: duk buƙatar da ta zo, sai sabar ta binciki dubban layuka saboda ba a yi musu fihirisa ba, wato jerin da ke nuna inda kowane bayani yake, sannan ta sake gina shafin daga farko. Idan aka saka fihirisa, aka rage ƙarin manhajoji marasa amfani a WordPress (manhajar gina shafuka), aka kuma riƙa adana kwafin shafin da aka riga aka gina, nauyi yana raguwa sosai. Akwai kuma nisa: sabar da ke Amurka, komai ƙarfinta, dole saƙo ya ƙetare teku, alhali Cloudflare, kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka kusa da masu ziyara, yana iya ajiye kwafi a Legas.

Google ya ba da shawarar kada amsar farko daga sabar ta wuce daƙiƙa 0.8 kafin ta iso. A fara aunawa, a yi gyaran, sannan a duba ko ana buƙatar babbar sabar.